Taken Jinjiri

Da haƙori ya ja zaren, don babu mai ɗaure masa. A da, ƙarti ne ke rububin naɗa wa Jinjiri na Karare hannu kafin ya shiga filin dambe. Yau ga shi a ɗakin zauren surukinsa a Safana, yana kokawa da tsumma da igiya kamar mai ɗaure akuya.

Kalangun bai yi shiru ba. Daga wajen kasuwa yake tasowa, kuma ko a kabari Jinjiri zai gane shi. Takensa ne. Duk ɗan damben da ya isa yana da kiɗansa shi kaɗai, in aka buga, an kira shi ke nan a gaban duniya. In tuwo yake ci ya tsame hannu, in a kwance yake ya miƙe. Lawal Mai Kalangu, mutumin nan Safana, shi ya tsara masa wannan, ranar da ya kai Yero na Yasore ƙasa tun kafin 'yan kallo su gama gyara zama.

Lawal ya rasu tuni. Yero ma ya bi shi. Jinjiri ne ya rage, ya tsaya yana kallon duniya tana mance shi da ransa.

Kwanan nan 'yarsa Zuwairatu ta ɗauko shi daga Karare, da gona ta gagari kowa saboda 'yan bindiga. A unguwar nan "Baban Zuwaira" ake ce masa, shi ke nan sunan. Ya zauna a teburin mai shayi ya faɗa wa samari ko shi wane ne. Suka ce, "Allah sarki," suka mai da kai kan wayoyinsu, suna kallon damben wasu yara masu askin banza. Wani mara kunya har da tambayarsa ko tsagar da ke hannunsa ta ciwon sanyi ce. Tsagar da aka cusa wa magani! Hannun da ya zubar da haƙoran maza daga Batsari har Babban Duhu!

To amma ga shi yau wani ya tuna.

Zuwairatu ta tare ƙofa, hannunta duk kumfar wanki.

"Baba, don girman Allah. Likita ya ce naushi ɗaya, idon da ya rage ma ya tafi."

Gaskiya ta faɗa. Na hagu ya mutu tun shekarun baya, na dama kuma yanar ido ta rufe rabinsa, mutane kamar a cikin hayaƙi yake ganinsu.

"Ba ki ji ana kirana?"

"Baba, ai wannan kiɗan..."

"Kauce, Zuwaira. Tun ba a haife ki ba ban taɓa ƙin amsa shi ba."

Ya fita ba riga, layarsa a damtse, ciki ya saki, gwiwa tana ƙara. Hantsi ne. A zamaninsu da la'asar ake buɗe fili, amma me yaran yanzu ba su lalata ba?

Hanya cike take da mutane, duk wuri ɗaya suka nufa. Mata da kwanuka, wasu da robobi, suna ta sauri kar a riga su. Har mata ke zuwa kallon dambe yanzu! Suka riƙa darewa suna ba shi hanya, suna bin sa da kallo. Ƙirjinsa ya buɗe. Rabonsa da a dare masa hanya, shi kansa ya manta.

Tsoro ma ya zo, ba ƙarya. Ko wane ne aka tanadar masa, yaro ne mai jini a jika. Zai duba ya ga gefen da tsohon ba ya gani, ya sauke masa a can. Gobe war haka Zuwairatu ce za ta riƙa jan sandarsa zuwa masallaci. Jinjiri ya auna abin, ya ga ya yarda. Gara ya makance ana kiran sunansa da ya ci gaba da ganin mutanen da ba su san shi ba.

Ƙarnin jini ya tarbe shi, angulaye suna shawagi a sama. Bai yi mamaki ba. Dambe wasan mahauta ne, filinsa kullum a gindinsu yake.

Ga taron a ƙarƙashin bishiyar bedi, an yi zobe. Ya kutsa, ya faɗa tsakiya, ya ɗaga hannun da ya ɗaure sama. Muryar da ya zaci ta mutu ta fito:

"Ga ni! Jinjiri na Karare, mai kwantar da maza da rana tsaka! Wa ke nemana?"

Babu guɗa, babu wanda ya fito. Kalangun ya yi tuntuɓe ya tsaya.

Makaɗin magidanci ne mai furfura jefi-jefi. Jinjiri ya matsa har sai da ya ga fuskarsa, ya ga hancin nan da goshin nan.

"Kai ɗan Lawal ne?"

"Ni ne, Baba. Nazifi." Ya rusuna. "Lafiya dai?"

"Kiɗan nan fa?"

"Gado ne. Da dambe ya daina ci a nan, marigayi ya dawo yi wa mahauta kiɗa, a hannunsa na koya."

"Ka san na wane ne?" in ji Jinjiri. Kalma ɗaya yake jira.

Nazifi ya dubi tsohon, ya dubi matan da ke riƙe da kwanuka, ya yi murmushi irin na mai son ya taimaka.

"Kowa ya sani, Baba. Kiɗan tsohon bijimi ne. Shi muke bugawa in an yanka wanda ya daina jan garma, don mutane su san naman yau da arha."