Jan Hatimi

Tun da aka kafa dokar kai mafarki ofis, Tabawa ba ta taɓa samun jan hatimi ba sai ran nan. Kowace safiya mutanen unguwa kan bi layi su faɗa wa na'ura abin da suka gani a barci. Mafarkin da zai tabbata, takardarsa ake buga wa ja.

Nata ba wani dogo ba ne. Ta ga an zuba tuwon gidansu a kwano biyu, alhali su uku ne: ita, da mijinta Sallau, da 'yarsu Hanne.

"Cikin mako guda," in ji ma'aikaciyar ofishin, ko kai ba ta ɗago ba.

"Wa za a rasa a cikinmu?"

"Na'ura ba ta faɗin suna, Hajiya. Na baya ya matso."

Tabawa ta biya kasuwa ta sayi kuka da daddawa. Ba ta ji komai a ranta ba, kamar saƙon wani aka ba ta.

A tsakar gida ta iske Sallau zaune, tasa takardar a kan gwiwa, ita ma da ja.

"Me ka gani, Malam?"

Ya ce, "Na ga ina yi wa Hanne kitso."

Tabawa ta ajiye cefanen. Ta kira yarinyar ta zaunar a gabansa, ta miƙa masa mataji.

"Daga goshi ake fara tsaga," ta ce. "Kada ka ja da ƙarfi, ba ta so."