Minti Takwas

Lamba arba'in da ɗaya aka ba tsohon telan. Sati uku ya yi yana jiran wannan gurbin, don haka da ya ga benci a cike bai damu ba, ya jingina da bango yana taɓa aljihun rigarsa.

Takarda ce a aljihun, daga wani asibiti daban. Likitan can bai yi masa kwana-kwana ba: ciwon ya riga ya ci hanta, in da wanda yake son su yi sallama, ya fara tun yanzu.

Kamfanin da ke da wannan asibitin yana da rassa fiye da talatin, kuma dokarsu ɗaya ce ko'ina. Kowane majinyaci minti takwas. A saman ƙofar kowane likita akwai fitila, in lokaci ya wuce sai ta koma ja, manaja ya fito da fayil a hammata.

Mai shara ta tsaya kusa da shi tana hutar da ƙugu. "Ɗaki na shida za ka, Baba? Likitar nan baiwar Allah ce. Likitoci uku sun ajiye aiki, duk an jibga mata aikinsu. Sau uku ana soke mata hutu. Waya ma a loka suke kulle ta tun safe."



Da aka kira lambarsa ya shiga. Likitar tana buga kwamfuta, kwanon abincinta na gefe ko buɗe shi ba ta yi ba. Ta rame, wuyan farar rigar ya yi mata yawa. Sai da ya zauna ta ɗago, hannunta ya tsaya cak.

"Baba," ta ce a hankali, ta kalli ƙofa. "Lafiya? Me ke damunka?"

Ya kai hannu aljihu. Kafin ya zaro takardar aka turo ƙofa ba sallama.

"Dakta, jar fitilarki biyu yau," in ji manajan. "In kika yi ta uku, sai dai ki yi wa na sama bayani da bakinki. Mutum ashirin na waje."

Ya fita. Tsohon ya kalle ta. Ya ga idon da ya faɗa, da leɓen da ya bushe. A hankali ya janye hannunsa daga aljihu.

"Gwiwa ce kawai. Tsufa."

Ta durƙusa ta lallatsa gwiwar, ta daɗe a durƙushe fiye da yadda aikin ke buƙata. Sannan ta rubuta masa man shafawa. Shi ya fara miƙewa, tun fitilar ba ta canza ba.

A teburin karɓar baƙi ya nemi wani gurbin. Ma'aikaciyar ta duba kwamfuta ta girgiza kai.

"Ɗaki na shida babu sai nan da wata huɗu, Baba. Amma akwai wani likitan jibi."

Wata huɗu. Ya tuna da maganar likitan can.

"Rubuta min wata huɗun, yarinya. Ba magani na zo nema ba. Ni na haife ta, kuma rabona da ganin fuskarta tun bara, sai yau."