Shara Ta Tsallaka Kwalta

Maigida ya ja layi bisa taswirar Tasawa cikin ordinater, wato kwamfuta.

"Daga gobe gabas da kwalta naka ne, yamma ta sabon mai amalanke."

Gidan su yarinyar da nake so yana yamma, kuma kwasar shara ce kaɗai hujjar tsayuwata ƙofarsu.

"Maigida, gusa layin kaɗan mana."

"Na'ura ba ta san soyayya ba, samari."

Da safe na kora jakina, ban ko dubi yamma ba. Sai jakin ya toge. Ga ta tsaye ɓangarena, kwandon shara bisa kai, tana haki.

"Kai, sauke mani! Ba zan iya tsallakowa kullum ba. Ka turo manyanka tun wuyana bai karye ba."