A-kori-kura Mai Dogon Baya

"Mai gajeren baya ba za ta ɗauka ba," in ji mijina Wendell a waya. "Na auna."

Tun bazara yake jiran a-kori-kurar da ya sa kamfani ya ƙera masa. An gama ta, amma tana jibge a wani fili a Michigan, saboda 'yar na'urar kwamfutar da ke sarrafa injin ta yi ƙaranci a duniya. Dila, mai sayar da motocin, ya yi masa tayin wata mai gajeren baya, ya ƙi.

"Shanu mun sayar. Me za ka loda, tsoho?" na tambaye shi. Ya kalle ni daga sama har ƙasa.

Sai ya fara kulle kansa a ɗakin ajiya yana sassaƙa katako. Ya nome maƙabartar gidansu da ke kan tudu, inda ba a kai kowa da motar haya, sai a bayan motar gida. Na fara zargin ni yake wa shiri, na daina shan kofin da yake haɗa mini.

Ran Lahadi na ɓalle kwaɗon ɗakin. Akwatin gawa ne, sabo fil. Ni gajera ce, shi kuwa akwatin ya fi ni tsawo nesa ba kusa ba.

"Lorna," na ji muryarsa a bayana. "Likita ya ce ba zan kai Kirsimeti ba."

"Dila fa?"

"Ya ce motar sai bayan Kirsimeti."