Injin da Zai Dawo da Sunan Harsashi

Inji uku bakanike ya jera a kan tsofaffin tayoyi, Harsashi yana zagaya su, hannu a baya, kamar mai taya saniya.

"Wannan silinda huɗu ne, ba ya shan mai," in ji bakanike. "Wannan shida ne, sai mun yanke ƙarfen gaba kafin ya zauna. Wancan kuwa mai tabo ne, yana da abin da ke ɗura masa iska. Shi ba a taka shi sai an sallami iyali."

Harsashi ya haɗiye yawu.

Sunan nan ba a banza ya same shi ba. 'Yar jar motarsa, wadda ba ta fi kwalin firiji ba, ta sha ba manyan motoci kunya a titi. Har ranar da ya sha kwana a guje ya rungumi katangar makaranta. Aka gyara katanga, aka buge mota, shi kuma ya tsira da tabo a goshi. Matarsa ta yi jinya, ta yi kuka, ta roƙe shi ya dubi Allah ya dubi yaran nan ya rage gudu. Ya ce mata harsashi ba shi da birki. Daga nan ta daina roƙonsa.

To amma tun da ya warke, mota ta zama wata iri. Sai ya danna totur har ƙafarsa ta tokare, ita kuwa tana ta rangwaɗa abinta. Rannan mai babur ɗauke da katifa ya wuce shi, har da ɗaga masa hannu. A shagon aski, Dogo, wanda suka daɗe suna 'yar tsama a kan titi, ya fara kiransa Kunkuru, kuma abin haushi sunan yana neman kama shi.

Ya riga ya canza inji sau ɗaya. A gareji, idan bakanike ya buɗe bonet ya ja wayar totur da hannu, sai ta yi ruri har kwanon rufi ya amsa. Da an hau titi, sai ta koma 'yar gidan jiya.

"Maigida, ba ni makulli in zaga da ita mana," in ji bakanike.

"Mota da buroshin haƙori ba a aronsu. Sa mini mai tabon nan."

A gida ya baje wa matarsa bayanin silinda, tana yanka albasa, ƙofar kicin tana ta bugawa da iska, garam, garam.

"Mai tabo? Ai kun dace, Baban yara," ta ce. "Ka sa wanda ya fi kowane ƙarfi, kada ka ji komai."

Wannan magana ta yi masa daɗi ƙwarai. Ashe mace ma tana wayewa idan ta zauna da masani. Ƙofa ta sake bugawa, har ya zabura.

"Wai ina guntun katakon da ake tokare ƙofar nan da shi? Kullum sai na yi magana!"

"Yana nan. Wani aiki yake yi."

Kullum ita ke share masa cikin motar, har ƙarƙashin shimfiɗar roba, ba ta bari ko yara su taya ta. Mace ta gari ke nan.

Ranar da aka ɗaura sabon inji, bakanike ya ja waya, kajin maƙwabta suka watse. Kan Harsashi ya fasu. Bai ko tsaya gwadawa ba, mota tana gareji ana ƙarasa ɗaure-ɗaure, ya taka da ƙafa har shagon aski, ya tsaya a gaban jama'a. Ya ce tsere za a yi, daga gidan mai zuwa gada, shi da Dogo. Ya rantse idan Dogo ya riga shi, ya ba shi motar kyauta, ya bar tuƙi har abada, kuma a kira shi Kunkuru ya amsa. Mai aski ya ce ya janye rantsuwar, baki shi ke yanka wuya. Ina, ya ƙara maimaitawa.

Aka jera. Aka ɗaga hula, aka sauke. Harsashi ya danna totur da dukan ƙarfin da Allah ya ba shi, har cinyarsa tana rawa. Inji ya yi gurnani kaɗan, kamar wanda aka toshe wa baki. Ko da ya isa gada, Dogo ya fito daga mota, ya sayi rake, ya ci rabi.

Wallahi ya so ya yi kuka. Ya zagi bakanike, ya zagi mai sayar da inji, ya zagi ƙasar da aka ƙera shi. Amma rantsuwa rantsuwa ce.

Da yamma Dogo ya zo ƙofar gida karɓar makulli. Matar ta fito da sauri, fuskarta wasai, rabon da Harsashi ya ga haka tun kafin haɗarin.

"Ɗan dakata, bawan Allah, in kwashe tarkacena."

Ta durƙusa ta ɓangaren direba, ta ɗan yi lalube, ta koma ciki da wani abu a bakin zane.

Dogo ya shiga, ya ba ta wuta, ya taɓa totur. Tayoyi suka yi ƙara, hayaƙi ya turnuƙe, kafin ƙiftawar ido jar motar ta ɓace a ƙarshen layi, sai ƙura.

Harsashi ya bi ƙurar da kallo. Sannan ya ja ƙafa ya shiga gida. Iska tana kaɗawa, amma gidan tsit.

Ƙofar kicin tana tsaye ƙyam a buɗe, guntun katakon ya koma mazauninsa, da shatin totur a bayansa.