Ceri a Cikin Malafar Mama

Kowa ya san dokar gonar su Kohei: ka ci ceri a gindin bishiya har ka ƙoshi, amma ba a fita da ko ƙwaya ɗaya. Ni da Mama da ƙannena mun kai bakin ƙofa ke nan, sai ga Kohei. Na san maganar aurenmu ce ta kawo shi.

Ya sunkuya ya gaida Mama. Ita ma ta sunkuya, malafarta ta zame. Jajayen ceri suka zubo, suna gangarawa har kan takalminsa. Masu fita suka tsaya kallo.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Haba Mama! A gabansa?"

"Na babanku ne, Mizuho," ta ce, kanta a ƙasa. "Gaban hotonsa zan ajiye. Bana ce ta farko da muka zo babu shi."

Wata sabuwar kunyar ta rufe ni, ta tsawar da na yi mata cikin mutane.

Kohei ya durƙusa yana tsince su cikin malafar. Ko kallona bai yi ba.

"Baƙo ne ba ya fita da ceri, Mama," ya ce a hankali. "'Yan gida ba mai tambayarsu. In kun yarda, ni zan kai wa Baba da hannuna."

Mama ta daɗe tana dubansa.

"Sai ka wanke su tukuna," ta ce. "Surukin naka ba ya cin abin da ya faɗi ƙasa."