Bindiga Don Hannun Mama

Bindiga ta uku ke nan da Baba Gerrit ya ɗora wa Mologadi a kan teburin shagonsa, ita kuwa ko hannu ba ta kai mata ba.

"Waccan nake so," ta ce, ta nuna wata baƙa a cikin gilashi.

Tsohon mai shagon ya ciro ta, ya duba cikinta babu harsashi, sannan ya miƙa mata ta gindi. Shekara talatin yana sayar da bindigogi a garin Polokwane, kuma ya fi son mai saye da ya san abin da ya zo nema.

"Kina da ido, 'yata. Jikinta roba ne mai tauri, samanta kawai ne ƙarfe. Ba nauyi, ba tsatsa, harsashi sha biyar take ci. Rabin mazan garin nan ita ce a ƙugunsu, sauran rabin kuma matansu ne suka hana."

Mologadi ba ta yi dariya ba. Makonni uku ke nan ba ta jin ɗanɗanon abinci, ba ta jin zafin rana, ko a makaranta tana koyar da yara lissafi ne kamar muryar wata take ji. Ta auna bindigar a tafin hannunta. Ta taga tana hango mijinta Lesiba a cikin mota, ya kwantar da kujera yana taunar busasshen nama. Shi ya kawo ta. Har ya yaba da ta fara tunanin tsare kanta.

"Nuna mini yadda ake ɗana ta, tun daga farko."

Baba Gerrit ya zare gidan harsashin, ya ɗauko harsasan gwaji na roba. Ya nuna mata yadda ake danne kowanne da babban yatsa a tura shi ciki. Ta gwada. Na farko ya shiga bayan ta cije leɓe. Na biyu ya kuɓuce ya gangara ƙasa. A na huɗu farcenta ya tsage, ta tsaya tana kallon jinin kamar a yatsan wani yake.

"Sifirin ne, wayar da ke turo harsashi sama, da ƙarfinsa," ya ce. "Yanzu kama saman nan ki ja baya. Da zuciya ɗaya, ba shafa kan jariri kike ba."

Sai a ja na uku ƙarfen ya tafi baya ya dawo da ƙara.

"Hannu zai saba," in ji shi.

"Ba don ni nake tambaya ba, Baba. Don mahaifiyata ne."

"To ai lasisi da sunanta za a nema, kuma wata da watanni ake jira. Kawo ta in ga hannunta."

"Ba za ta iya zuwa ba."

Ta buɗe wayarta ta juya masa. Bidiyo ne na ranar Kirsimeti. Mama Raesetja tana zaune a inuwar mangwaro tana dariya, tana ƙoƙarin shan shayi. Ciwon gaɓɓai ya murɗe mata yatsu duka goma, sun karkace gefe guda kamar saiwar bishiya. Da wuyan hannayenta biyu ta maƙale kofin ta kai baki.

Baba Gerrit ya gyara tabarau ya kalla har ƙarshe. Ya mayar da bindigar kusa da shi.

"'Yata, ki saya wa tsohuwa kare."

"In ta dage fa? Mama akwai taurin kai."

"Taurin kai ba ya danne sifirin. Ke mai lafiya kin ga yadda kika ƙare."

"Ko harsashi ɗaya tak?"

"Ko rabi. A ce ma wani ya zuba mata, wa zai ja mata ƙarfen? Akwai masu dogara shi a bakin tebur su tura, amma sai an riƙe gindin gam. Hannun da bai riƙe kofi ba?" Ya girgiza kai. "Ko a gaban alƙali haka zan faɗa."

Mologadi ta ɗago ta dube shi sosai, karo na farko tun shigowarta.

"Za ka faɗa?"

"Me zai hana? Sana'ata ce."

Ta karɓi katin shagon mai ɗauke da lambarsa, ta tura shi can cikin jaka, ta yi godiya. Ya ba ta filasta ta naɗe yatsan.

A waje rana ta take. Ta buɗe motar ta zauna. Lesiba ya ɗaga kujerarsa yana share hannu a wando.

"Kin daɗe, Mologadi. Kin zaɓa?"

"Na ga irin taka."

"Ai babu kamarta. In 'yan sanda sun dawo mini da tawa, ni zan koya miki, ba sai kin biya kowa ba." Ya tayar da mota. "Mu biya wurin lauya kan takardun gidan Mama, kada a rufe."

Ta ɗaura bel ɗin kujerarta. Ta dubi hannayensa a kan sitiyari, manya, lafiyayyu. Ta jira ta ji tsoro ko fushi, ba ta ji komai ba.

Makonni uku da suka wuce aka binne Mama Raesetja. A bayanin da aka rubuta wa 'yan sanda, tsohuwar ce ta buɗe akwatin ƙarfen da surukinta ke kulle bindigarsa a ciki, ta zuba harsashi da kanta, ta ɗana bindigar, ta harbe kanta. Wanda ya ba da bayanin, wanda shi kaɗai ne tare da ita a gidan ranar, shi ne yake tambayar Mologadi yanzu ko a kunna mata rediyo.